Man Kariyar Rana: Yadda Ake Haɗa Shi, da Abin da Ke Ɓata Shi



Gaisuwa ga ɗaliban karatun manya, maza da mata, na Maraɗi, da Damagaram, da Tawa, da Yamai, da na ƙauyuka da rugage baki ɗaya. Gaisuwa ga malamanku.   Allah ya ƙara basira.

Ku matso kusa da rediyo. Mai allo ya ɗauko allonsa. Mai littafi ya buɗe littafinsa. Yau akwai haruffa da lambobi da za mu rubuta tare.

Hirarmu ta yau kan wani man shafawa ce. Ana yin sa don ya kare fatar mutum daga rana. Sunansa man kariyar rana. Ana sayar da shi a farmasi, cikin kwalba ko cikin ƴar roba da ake matsawa.

Na san wani zai ce: "Malam, mu da aka haife mu cikin rana, muka girma cikin rana, me ya haɗa mu da wannan mai?" Tambaya ce mai kyau. Ku saurara ku ji.

WA KE BUKATAR WANNAN MAI?

Allah ya sa wani launi cikin fatar ɗan Adam. Likitoci suna kiran sa melanin. Shi ke sa fata ta yi baƙi. Shi ne kuma laimar fata, yana tare mugun hasken rana kafin ya shiga ciki. Mai baƙar fata yana da shi da yawa. Shi ya sa manomi ke wuni a gona, fatarsa ba ta saluɓe ba.

Amma muna da ƴan uwa zabiyoyi. Su an haife su da melanin kaɗan, ko babu shi sam. Abin gado ne, yana zuwa daga uwa da uba duka biyu, ko da su iyayen baƙaƙe ne. Ba laifin uwa ba ne. Ba aikin iskoki ba ne. Ba a ɗaukar sa don an ci tuwo ƙwarya ɗaya.

Yaro zabiya in ya jima kaɗan cikin rana, fatarsa sai ta yi ja, ta yi zafi, wani lokaci har ta yi bororo. Yau haka, gobe haka. Bayan shekaru fatar ta yi kaushi, ta yi tabo. Daga nan sai gyambo ya fito wanda ba ya warkewa. Wannan shi ne ciwon daji na fata. A ƙasashen Afirka yana cikin manyan abubuwan da ke kashe zabiyoyi tun da sauran ƙarfinsu.

Akwai wasu kuma da ke bukatar man: mai tabon ƙunar wuta, da mai fararen tabo a jiki, da wanda man bilicin ya cinye wa launin fata.

A shekara ta 2025, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man kariyar rana cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata ƙasashe su tanada. Ke nan ga zabiya wannan mai magani ne, ba kayan kwalliya ba. To, magani kuwa dole a san yadda yake, a san abin da ke kashe ƙarfinsa.

HASKEN DA IDO BA YA GANI

Cikin hasken rana akwai wanda ido ke gani. Akwai wanda jiki ke ji, wato zafi. Akwai kuma na uku, wanda ido ba ya gani, jiki kuma ba ya jin shigarsa. Wani masani Bajamushe mai suna Yohan Ritar ya gano shi a shekara ta 1801. Sunansa ultrabiyole. A taƙaice ana rubuta shi da harafi biyu. Ku rubuta: UV.

Wannan ɓoyayyen haske iri biyu ne ke iso mana ƙasa. Ku rubuta: UVA. Ku sake rubuta: UVB.

Ga dabarar tunawa. B kamar babbaka: shi ke ƙona saman fata, ta yi ja. A kamar a hankali: shi ba ya gaggawa, yana shiga can cikin fata, yana ɓarna sannu sannu. In an kasa wannan haske kashi 100, wajen kashi 95 UVA ne. Yana ratsa girgije. Yana ratsa gilashin mota. Duka biyun suna da hannu cikin ciwon daji na fata.

Ku lura, wannan haske daban yake da zafi. Ranar hunturu, ana rawar ɗari, yana nan yana aikinsa. Ya fi ƙarfi daga ƙarfe 10 na safe zuwa ƙarfe 4 na yamma. Wanda ba shi da agogo ya dubi inuwarsa. In inuwarka ta fi ka gajarta, rana tana kan ganiyarta.

ME KE CIKIN KWALBA?

Kowane man kariyar rana yana da abu biyu. Akwai masu tare haske, su ne sojojin. Akwai kuma man da ke ɗauke da su, shi ne ke shimfiɗa su bisa fata.

Masu tare haske gida biyu ne.

Gida na farko, farin gari ne mai laushi ƙwarai. Ɗaya ana samun sa daga zinki, ƙarfen nan da ake shafe kwanon rufi da shi don kada ya yi tsatsa. Shi ne kuma ke cikin farin man da ake shafa wa jarirai in gindinsu ya saɓe. Ɗayan ana samun sa daga wani ƙarfe mai suna titaniyom. Shi ke ba farin fenti farinsa. Waɗannan garin suna shanye mafi yawan mugun hasken, su mayar da ɗan kaɗan baya. Rana ba ta saurin karya su. Ba su cika sa ƙaiƙayi ba, shi ya sa ake son su ga yara. Aibinsu ɗaya: suna barin fari-fari a fata.

Gida na biyu, sinadarai ne da ke narkewa cikin mai. Ba a ganin su a fata. Suna shanye hasken, su mai da shi ɗan ɗumi wanda ba ya cutarwa. Suna da yawa, kowane da irin hasken da ya iya tarewa. Wani ya iya B, wani ya iya A. Shi ya sa ake haɗa uku ko huɗu ko fiye cikin kwalba ɗaya.

RANA TANA CIN MAI TARE TA

Ga inda maganar take. Mata, kun san abin da ke faruwa in an bar zane a igiya kwana da kwanaki. Launinsa sai ya koɗe. Rana ta ci shi. Amma kun san ba duka zannuwa ke koɗewa daidai ba. Wani rini yana jurewa, wani wanki biyu ya tafi.

Haka masu tare hasken nan suke. Aikinsu shan rana ne, wasunsu kuwa rana tana karya su.

Ga misali. Akwai wani mai suna abobenzon. An yarda a yi aiki da shi a Turai tun 1978, a Amurka kuma tun 1988. Gwani ne wajen tare UVA, yana cikin mayuka da yawa a duniya. Amma in an bar shi shi kaɗai cikin rana, awa ɗaya ta isa ya rasa wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Mutum yana tafe, mai na jikinsa, yana tsammani yana da kariya. Alhali kariyar tana ta raguwa. Kuma tun da UVA ba ya saurin sa fata ja, babu abin da zai gargaɗe shi.

Me ya sa yake karyewa? Ku ɗauka kamar mace ce ta ɗauko tulu cike da ruwa daga rijiya. In ta iso gida aka kama mata ta sauke, sai ta koma ta ɗauko wani. In babu mai kama mata, tana fama ita kaɗai, wata rana tulu ya faɗi ya fashe. Abobenzon yana ɗaukar nauyin haske, amma bai iya saukewa da sauri ba.

Da masana suka gane haka, sai suka nema masa mai kama masa. Ɗaya sunansa oktokirilen. Yana karɓar nauyin daga wurinsa, shi kuma ya koma bakin aiki. Daga baya aka ƙera wasu sababbi masu jurewa rana da kansu. Ɗaya daga cikinsu ana kiran sa Tinosorb S, an yarda da shi a Turai a shekara ta 2000. Yana tare A, yana tare B, yana kuma taimakon abobenzon.

Akwai kuma waɗanda ba sa ga maciji da juna. Wani mai suna oktinoksat, in aka haɗa shi da abobenzon ba tare da dabara ba, sai su ɓata juna cikin rana, duka biyun su yi rauni.

Ko farin garin titaniyom yana da nasa hali. In rana ta buge shi tsirara, yana iya ɓata man da ke kewaye da shi. Shi ya sa masu haɗawa ke lulluɓe kowace ƙwayarsa da wata ƴar siririyar riga kafin su zuba shi.

Ba sai kun haddace waɗannan sunaye ba. Abin riƙewa shi ne: kwalba biyu suna iya ɗaukar lamba iri ɗaya, amma bayan awa biyu cikin rana, ɗaya tana aiki, ɗaya ta gaji. Bambancin yana wajen haɗi.

DAMU SAI GWANI

Yanzu mu zo ga man da ke ɗauke da su.

Mafi yawan mayukan nan ruwa ne da mai aka gauraya. Kowa ya san ruwa da mai ba sa zama tare. Ku zuba man gyaɗa cikin ruwa, ku kaɗa, ku ajiye. Jim kaɗan mai ya taso sama. Don haka ana sa wani abu na uku wanda ke riƙe su, hannu ɗaya ga ruwa, hannu ɗaya ga mai. Muddin yana riƙe da su, man yana nan sumul.

Sa'an nan ga maganar gari. Mai dama kunu ta san in ta yi sakaci, gari sai ya yi gudaji. Wani wuri kauri, wani wuri ruwa. Garin zinki ya fi garin gero son dunƙulewa. In ya dunƙule cikin mai, ido ba zai gani ba, amma a kan fata sai ya zama nan da yawa, can babu. Haske kuwa ta inda babu yake shiga. Kamar rufin ɗaki ne: ko an yi yaɓe mai kauri, in an bar rami ɗaya, ruwan sama ta nan zai zubo.

Masana'anta tana da injuna masu ƙarfi da ke warware garin, da awo na ƙwarai, da gwaji. Duk da haka wani lokaci ana samun kuskure. A shekara ta 2025, a ƙasar Ostareliya, wata ƙungiyar kare masu saye mai suna CHOICE ta sa an gwada mayuka 20. Guda 16 ba su kai lambar da aka rubuta a jikinsu ba. Ɗaya mai zinki an rubuta masa 50, da aka gwada sai ya ba da 4. Daga baya aka janye shi daga kasuwa, tare da wasu da aka yi da haɗi iri ɗaya.

To, in masu injuna suna iya kuskure, ina ga mai turmi da muciya? Daga nan mu ɗauki darasi uku.

Na ɗaya. Kada a haɗa man kariyar rana a gida. Ko an samo garin zinki an kwaɓa da man kaɗe, ba wanda ya san ƙarfinsa. Man kaɗe yana da kyau, yana sa fata laushi. Amma kariyarsa daga rana ƴar kaɗan ce, ba ta isa zabiya ba.

Na biyu. Kada a ƙara masa wani mai don ya yi auki. Wata uwa, don tausayi da rashin kuɗi, sai ta zuba basilin ko man gyaɗa cikin kwalbar. Kwalba ta cika, amma haɗi ya ɓaci. Kamar a tsarma maganin tari ne da ruwa.

Na uku. Kada a sayi wanda aka juye cikin leda ko cikin wata kwalba marar rubutu. Ba a san ko mene ne ba, ba a san ranar mutuwarsa ba. Araha ba ta ado.

ZAFIN ƘASARMU

Masu yin man nan suna gwada shi kafin su sayar. Ɗaya daga cikin gwajin shi ne su ajiye shi wata da watanni cikin ɗaki mai zafin digiri 40 ko fiye, su ga ko zai lalace. A wurinsu wannan gwaji ne mai tsanani. A wurinmu kuwa, wannan shi ne watan Afrilu da Mayu. A Yamai da Tawa, zafin bazara yana wuce digiri 40 a inuwa.

Zafi yana sassauta abin nan da ke riƙe ruwa da mai. Sai man ya tsinke. Garin ya kwanta ƙasa. Wasu sinadaran su yi rauni. Shi ya sa ake so a ajiye shi inda zafi bai wuce digiri 30 ba.

Ina ne wannan wuri a gidan talaka? Cikin ɗakin ƙasa, kusa da randa, inda rairayi ke da sanyi. A naɗe kwalbar da tsumma, a rufe bakinta sosai. Kada a bar ta bakin taga. Kada a bar ta cikin mota ko cikin akwatin babur. In za a tafi gona da ita, a sa ta cikin jaka, a rataye a inuwar itace.

Wajen saye ma haka. Kwalbar da ta wuni bisa faranti cikin rana a kasuwa, yau da gobe, ku bar ta. Ku je farmasi, ko gidan likita, ko wurin ƙungiyar zabiyoyi.

Ga alamun man da ya lalace:

In an matsa, ruwa ya fara fitowa, sa'an nan mai kauri ya biyo.
Launinsa ya sake, ya yi rawaya-rawaya.
Ƙanshinsa ya sake, yana warin tsohon mai.
In an murza tsakanin yatsu, ana jin tsaki-tsaki.

In kun ga ɗaya daga cikin waɗannan, a yar da shi.

Wasu ƙasashen Afirka suna haɗa nasu a gida, ta hannun masana. A garin Moshi na ƙasar Tanzaniya, kusa da dutsen Kilimanjaro, tun 2012 ake haɗa wani mai suna Kilisun musamman don zabiyoyi, ana raba musu kyauta.

MU KARANTA JIKIN KWALBA

Ga inda karatunku zai yi muku rana. Abu huɗu za ku duba.

Na farko, lamba. Ku rubuta: SPF. A wasu kwalabe masu rubutun Faransanci za ku ga FPS. Duk ɗaya ne. Bayan haruffan akwai lamba: 15, ko 30, ko 50. In an kasa hasken da ke ƙona fata kashi 100, mai lamba 15 yana tare wajen 93, mai lamba 30 yana tare wajen 97, mai lamba 50 yana tare wajen 98. Ku juya lissafin: ta farko 7 ke wucewa, ta biyu 3, ta uku 2. Ga zabiya a nemi 50. Babu man da ke tare 100 cif.

Na biyu, haruffan UVA. Lambar SPF ta fi magana kan B. Don haka ku nemi UVA cikin ɗan da'ira. Alama ce ta Turai. Tana nufin ƙarfinsa kan A ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na lambar da ke jiki.

Na uku, ranar mutuwa. Sau da yawa tana ƙasan kwalba ko a wutsiyar roba, bayan haruffan EXP. In kun ga 06/2028, wato wata na 6, Yuni, shekara ta 2028. In lokacin ya wuce, kada ku saya.

Na huɗu, hoton ɗan gwangwani da murfinsa a buɗe. Cikinsa an rubuta 12M ko 6M. M tana nufin wata. Wato daga ranar da aka buɗe, wata 12 ko wata 6 yake da shi. Ranar da kuka buɗe, ku ɗauki alƙalami ku rubuta kwanan wata a jikin kwalbar. Yanzu kun iya.

YADDA AKE SHAFAWA

Mai ko ya kai kyau, in an yi masa rowa ba zai yi aiki ba. Lambar da ke jikin kwalba an same ta ne da shafi mai kauri. Yawancin mutane rabin wannan suke shafawa, ko ƙasa da rabi. Sai kariyar ta faɗi ƙasa ƙwarai.

Ga awo ga babban mutum, da ƙaramin cokalin shayi. Fuska da kunnuwa da wuya, cokali 1. Kowane hannu tun daga kafaɗa, cokali 1. Kowace ƙafa tun daga cinya, cokali 1. Ƙirji da ciki, 1. Baya, 1. Duka cokali 7 ke nan, wajen mililita 35. Amma inda tufa mai kauri ta rufe ba ya bukatar mai. Doguwar riga da dogon wando suna rage kashe kuɗi.

A shafa a busasshiyar fata, minti 20 kafin a fita, don ya kama jiki. Kada a manta bayan kunne, da ƙeya, da leɓe, da bayan hannu, da saman ƙafa. A sake shafawa bayan kowace awa 2 in ana waje. A sake in an yi gumi da yawa. A sake bayan wanka. A sake bayan alwala, a fuska da hannu da ƙafa. Ko wanda aka rubuta ba ya tsoron ruwa, minti 40 ne ko 80 aka gwada shi cikin ruwa, kuma tsumman share gumi yana kwashe shi.

Mu yi lissafi. Ƙaramin cokali mililita 5 ne. Yaro ya sa doguwar riga, ana shafa masa cokali 1 sau 3 a wuni. Mililita 15 ke nan. Kwalba mai mililita 200 kwana nawa za ta yi? Ku raba 200 gida 15. Kwana 13, da ɗan saura. To, in kwalba ɗaya ta kai yaro wata uku, ku sani ba a shafa masa yadda ya kamata.

Wani zai ce, shin da gaske yana hana ciwon? An gwada. A garin Nambur na Ostareliya, daga 1992, an bi mutum 1,621 shekara huɗu da rabi. Rabinsu suna shafawa kullum, rabi sai in sun ga dama. Cikin masu shafawa kullum, wani irin ciwon daji na fata ya ragu da wajen kashi 40 cikin 100. Irin nan ne kuwa ya fi kama zabiyoyi a Afirka. Sirrin shi ne kullum. Rani da damina, da hunturu.

MAI KAƊAI BAI ISA BA

Kariya ta farko inuwa ce. Ta biyu tufa. Mai na uku ne. Malafa mai faɗin baki, wadda masaƙanmu ke yi da kaba, tana kare fuska da kunne da wuya. Rawani da mayafi suna taimakawa. Tufa mai saƙa matsattsiya ta fi: ku ɗaga ta ku dubi haske, in kuna hangen waje ta cikinta, rana ma tana shiga. Baƙin tabarau mai tare UV yana kare ido.

Jaririn da bai kai wata 6 ba, a tsare shi a inuwa, a rufe shi da tufa. In an goya shi, a rufa masa kai.

Iyaye, kada a tura yaro zabiya kiwo ko tallan rana tsaka. In aikin gona ne, da sassafe ko da maraice. A sa shi lakwal, a zaunar da shi gaba don idonsa ba ya gani nesa sosai. A koya masa sana'ar inuwa.

In an ga wuri mai kaushi a fata wanda ba ya tafiya, ko miki da ya yi wata guda bai warke ba, ko yana zub da jini, a tafi gidan likita nan da nan. In an zo da wuri, aikin ƙarami ne. Rigakafi ya fi magani.

ABIN DA ZA MU RIƘE

Ƙarfin man kariyar rana yana wajen haɗinsa. Rana tana iya karya shi, zafi yana iya tsinka shi, gauraye yana iya kashe shi. Saboda haka a saye shi inda ya dace, a karanta jikinsa, a ajiye shi wuri mai sanyi, a shafa da yawa, a sake shafawa.

Ranar 13 ga Yuni ta kowace shekara, Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ta don tunawa da zabiyoyi, tun daga 2015. Amma maƙwabcinku ba sai ya jira wannan rana ba. In akwai gidan da ke da yaro zabiya a garinku, kuma iyayensa ba su yi karatu ba, ku je ku karanta musu abin da ke jikin kwalba. Wannan ma amfanin ilimi ne.

KALMOMIN RUBUTU

rana, fata, inuwa, malafa, kwalba, zabiya, UVA, UVB, SPF 50

TAMBAYOYI

Bayan an kashe rediyo, ku tattauna da malaminku:

1. Mene ne bambancin UVA da UVB?
2. Me ya sa ba a ƙara wani mai cikin man kariyar rana?
3. A gidanku, ina ne wurin da ya fi dacewa a ajiye kwalbar?
4. An rubuta 6M, kun buɗe cikin watan Maris. Wane wata za a daina aiki da shi?
5. Akwai zabiya a garinku? Wane taimako jama'a za su iya yi masa?

Malamai, ku rubuto mana amsoshin ɗalibanku da tambayoyinsu. Za mu karanta wasu a shiri na gaba.

Nan muka kawo ƙarshen hirarmu ta yau. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.